Tunkiyar Iya da Ledar Awarata

Shekarar da na fara suyar awara a gidanmu na Kazaure, a leda nake ƙulla wa kowa, da yaji da ɗan mai. Masu saye su ci a ƙofar gida su yar, iska ta kwashe ta tara a jikin dangar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da duk layin muke kira Iya. Ina ganin tarin in na fita unguwa, ban taɓa sunkuyawa na ɗauki ko ɗaya ba.

Tunkiya ɗaya tal Iya take da ita, ɗanta ya sayo mata a kasuwar Babura don ta haihu a samu na cefane. Da bazara ta daina cin dusa, ciki ya kumbura, jiki na ramewa. Aka ba ta kanwa, aka ba ta jiƙo, duk a banza. Ranar da ta kasa tashi aka kira mahauci ya yanka kafin ta zama mushe.

Na shiga jaje na tarar yana fiɗa a tsakar gida. Da ya farke tumbin sai ya ce, "Iya, ai wannan kanti ta buɗe a ciki!" Ya zaro dunƙulen leda, ya ce gishiri da maiƙo ne ke jan dabba ta haɗiye. Ina dubawa na ga ƙullina. Ni kaɗai nake yin ƙulli biyu in bar kunne don sauƙin kwancewa. Na ce, "Allah ya mayar da alheri," kamar sauran mata, na fito. Da la'asar Iya ta aiko min da kason nama. Na kasa dafa shi.

Washegari na daina ƙulla leda. Mai so ya zo da kwano, in ƙara masa gyara. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Hajiya, a aljihu zan riƙa yawo da kwanon?" Masu saye suka koma gidan gaba, inda ake ƙulla musu a leda. Waken suya da nake jiƙa tiya uku ya dawo ɗaya. Maigida ya ce, "Wai gaba kike yi da ciniki?" Daga baya matan layi suka saba saboda gyaran, na kai tiya biyu, ban sake wuce nan ba.

Abin da ya fi cin raina shi ne yabo. Har Iya da kanta ta sa min albarka a gidan suna, wai na rage wa layi shara. Ina istigfari bayan kowace salla, amma na san haƙƙin mutum sai shi ya yafe.

Ana gobe azumi na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, ledar nan da aka ciro, tawa ce. Na gani ranar, na yi shiru."

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Kuma kika bari na tsaya cikin mutane ina shi miki albarka?"

Na ce, "Ki yafe min, Iya."

"Na yafe miki, 'yar nan, don Allah. Amma tashi ki tafi gida, yau ba na son hira."