Nafkin Ɗin da Goggo Ba Ta Wanke Ba

Goggo mai wanki doka biyu gare ta a sana'a, tun tana budurwa take riƙe da su. Tabo ba ya kwana a gidanta. Sannan abin da ta gani a kayan mutane, daga ita sai bahon wankinta. Ta san wanda ke shaye-shaye a ɓoye, ta san yaron da ya girma bai daina fitsarin kwance ba, amma ko za a yanka ta ba za ka ji ba. Takan ce mai wanki ido gare ta, ba ta da baki. Da wannan shirun da waɗannan tafukan da sabulu ya cinye ta rene 'yarta har ta zama malamar makaranta.

To, 'yar ce ta haihu, ta yi jinya, nono ya ɗauke. Ta dawo gida da jaririn, Goggo ta laƙaba masa Ango. Aka soma ba shi madarar gwangwani, ta shanu, sai amai da gudawa. Mai kemis na bakin titi ya ce a koma ta waken suya, wai ita ba ruwanta da saniya. Aka koma. Aman ya ragu, kowa ya ce alhamdulillahi.

Amma Ango ba ya ƙiba. Da ya sha sai ya ɗage ƙafafu ya murɗe, ya yi kuka har muryarsa ta dishe.

"Kai Ango, wane irin miji ne kai?" Goggo za ta ce tana jijjiga shi. "Ba cefane, sai rigima!"

Wasa take yi a baki kawai, don ita ce ke gani. Da rana, uwar tana makaranta, in ta kwance nafkin sai ta ga majina a kashin, da wani jan zare siriri a ciki. Jini ne, ta san jini, wa zai koya mata? Kafin ta gama tunani hannunta ya riga ta: ruwan sanyi, sabulu, igiya. Uwar ta dawo ta tarar da nafkin fari tas yana kaɗawa a rana. Goggo ta ce wa ranta zafi ne, zai wuce. Yarinyar nan kullum cikin kuka take a kan nonon da ya ƙi zuwa, ina dalilin ƙara mata wani?

Ranar awo suka je asibiti tare. Likitar, wata mai sanyin murya, ta dubi ma'auni, sannan ta tambayi uwar, "Kina ganin jini a kashinsa?"

"A'a, ban taɓa gani ba. Ko, Goggo?"

Goggo ta sunkuyar da kai. Shirun da ta saba da shi ne ya zo ya zauna mata a baki, aka rubuta magani suka fito.

A hanya ta rasa sukuni. Duk rayuwarta tana ganin wannan shirun mutunci ne, kuma mutuncin ne, ga manya masu bakin kansu. To shi Ango fa? Ba ya magana. Abin da zai faɗa a nafkin yake rubuta shi, ita kuwa kullum sai ta bi ta goge.

Washegari da hantsi jan zaren ya sake fitowa. Hannunta har ya kai ga baho, ta janye shi. Ta naɗe nafkin yadda yake, ta ƙulle a leda, ta goya Ango. Matar da ko ɗigon mai ba ta yarda a gani a zaninta, yau ga ta a cikin motar haya rungume da kashi! Ta biya makaranta ta kira 'yarta waje, ta kwance mata ledar.

"Na daɗe ina ganin wannan," ta ce. "Ni na ɓoye miki."

'Yar ta duba, ta dubi uwarta. "Haba Goggo," kawai ta iya cewa, ta juya ta ɗauko jakarta.

Da suka koma asibiti, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce hanjinsa ne ya kumbura, kuma jarirai da dama da cikinsu ya ƙi madarar shanu, ta waken suyar ma ƙin ta yake yi. Ta rubuta wata madara ta musamman da aka yi domin irinsu, ta ce a sa ido a kan kashin sosai, a dawo da labari.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba, 'yar ma ta ɗan jima ba ta sakin fuska. Sai wata rana Goggo ta kwance nafkin, ta kai shi bakin taga, ta juya, ta ƙara juyawa. Ba majina, ba ja. Ga ruwa a baho, ga tulin kayan mutane na jira, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofa, Ango na barci a bayanta, nafkin a hannunta ba wanki, tana jiran a tashi makaranta.