Tafintan da Aka Bari a Bakin Ƙofa

A unguwar Ketaren Gwari da ke Minna, idan gardama ta tashi a kan wata kalma, wurin Josiah Shekwolo ake kai ta. Mutumin Kuta ne, tsohon tafintan kotu da ya yi ritaya. Yana jin Gbagyi, yaren iyayensa, yana jin Hausa da Nufanci da Turanci, yana kuma taɓa Yarbanci. Da yamma yakan zauna a kan benci a gindin mangwaron ƙofar gidansa, kusa da shagon Sheshi tela, wani Banufe da suka daɗe suna tsokanar juna.

Ranar da na fara zuwa wurinsa na tarar ana gardama a kan albasa. Sharif, mai tura baron kayan miya, ya ce wata Bayarabiya ta nemi ya ba ta alubosa, shi kuwa ya gaya mata cewa sunan nan daga bakin Hausawa suka ɗauke shi.

Sheshi ya leƙo daga shago, da tef ɗin awo rataye a wuya, ya ce, "Mu ma lubasa muke cewa. Mu ma ɓarayi ne ke nan?"

"Ku ai ba a magana," in ji Sharif.

Josiah ya bari suka gama, sannan ya ce, "Sharif, kai ma aro ka yi. Larabawa ke cewa basal. Fatake ne suka shigo da ita, ta sauka a bakinku, ta wuce Nufe, ta gangara ƙasar Yarbawa. Haka kalmar lafiya ma ta yi."

Daga nan ya shiga abin da ya fi so. A wurinsa kalmomi masu kama da juna iri uku ne. Akwai baƙin da suka zo suka zauna, irin su albasa. Akwai 'yan'uwan jini, kamar Shekwo na Gbagyi da Soko na Nufawa, dukansu sunan Allah, domin yarukan biyu tushensu ɗaya. Sai kuma masu kama kawai ba dangi ba: aka na Inyamurai hannu ne, bai haɗa komai da aka na Hausa ba.

"Ka ji, ni da kai 'yan'uwa ne," in ji Sheshi. "Sai ka daina neman ragi a ɗinki."

Ana cikin dariya wata murya ta tsohuwa ta kira daga cikin gida. Josiah ya miƙe, fuskarsa ta canja. Mahaifiyarsa ce. Sauran labarin a hankali na same shi, wani daga bakinsa, mafi yawa daga bakin matarsa Rose.

Yana yaro aka kawo shi makaranta Minna. Hausarsa ta ƙauye ce, yana cewa mace ya zo, yana kiran ƙofa kofa. Yara suka sa shi gaba, duk abin da ya faɗa sai su ce gwaranci yake yi. Ya dage har Hausarsa ta fi ta masu yi masa dariya, da ita kuma ya ci abinci a kotu. Da ya auri Rose, 'yar Kudancin Kaduna, Hausa ce ta haɗa su. Da aka haifi 'yarsu Dorothy, ya yanke cewa Hausa da Turanci kaɗai za a yi mata.

Rose ta ce mini, "Na ce masa, Baban Dorothy, ni nawa yaren babu wanda zan yi da shi a nan, amma kai ga danginka a Kuta. Ya ce yare ba ya ɓata, in ta girma za ta tsinta a hanya."

Ko da mahaifiyarsa ta zo ganin jika, sai ya roƙe ta ta riƙa yi wa yarinyar Hausa. Tsohuwa ba ta musa ba. Tana da Hausar kasuwa, wadda ta koya wajen sayar da doya, da ita ta yi ta lallaɓawa: zo, ci, sannu, lafiya. Dorothy ta girma, ta yi karatu, tana koyarwa a wata firamare. Ba ta tsinci komai a hanya ba.

Da tsufa ya kama Kaka, kamar yadda kowa a gidan ke kiranta, aka ɗauko ta daga Kuta. Kafaɗarta ɗaya ta ɗan karkace saboda shekarun ɗaukar kaya. Hausar nan ta kasuwa ta fara zube mata kaɗan-kaɗan, har ya zama Gbagyi kawai ya rage. Josiah ya koma tafinta a cikin gidansa. Idan tana son ruwan zafi, shi ake kira. Idan Dorothy ta shafa mata man zafi tana son jin ko ciwon ya ragu, shi ake kira. Ya ce abin bai dame shi sosai ba a lokacin, domin aikin da ya saba ne.

Sai aka sa ranar auren Dorothy da wani saurayi, Stephen. A danginsu Josiah, kafin yarinya ta tafi gidan miji, babbar macen gidan takan shiga ɗaki da ita su biyu, ta gaya mata abin da ita ma aka gaya mata. Namiji ba ya shiga, ba ya ma tsayawa kusa da taga. Ana saura 'yan kwanaki Kaka ta sa aka kira Dorothy. Josiah ya biyo bayanta, ya jawo kujera kamar kullum.

Kaka ta dube shi, ta tambaye shi me ya zo yi. Ya ce fassara. Ta ce yaushe uba ya fara zama a wannan magana? Ya ce to a kira ƙanwarsa daga Kuta. Ta ce ita da uwarta su biyu suka zauna, ita da ƙanwar tasa su biyu suka zauna, wannan magana ba ta bi ta baki na uku.

Dorothy tana tsaye tana kallon bakinsu. "Baba, me take cewa?"

Josiah ya gaya mini cewa a duk zamansa a kotu bai taɓa rage maganar kowa ba, ko da zagi ne. Ya fassara mata duka, har da ƙarshen, inda Kaka ta ce, "Kai ka ce in yi mata Hausa. Na yi. Yanzu Hausar ta tafi, da me zan yi mata?"

Ya fita ya ja ƙofa. Kaka ta gwada, ta riƙe hannun Dorothy ta yi ta magana. Da Dorothy ta fito, Rose ta tambaye ta me ta ji. Ta ce ta ji Shekwo, saboda yana cikin sunan Baba, ta kuma ji lafiya.

A daren bikin ma Josiah bai ci abinci ba, in ji Rose. An yi aure, Dorothy ta tare, maganar tana nan a bakin Kaka. Tsohuwa ta ce ba ta fasa ba, za ta jira, in Allah ya ba ta kwana.

Shi ya sa yanzu duk Lahadi bayan coci Dorothy take zuwa. Ta ƙi yarda babanta ya koya mata Gbagyi a kan benci, domin ta ce in ta tambayi sunan tukunya sai ya kai ta Makka ya dawo da ita ta Bida. Wurin Kaka take shiga kai tsaye. Tsohuwa na nuna abu tana faɗin sunansa, Dorothy tana maimaitawa. Ba su kai ga babbar maganar ba tukuna. Jikin Kaka kuwa, wani mako da sauƙi, wani mako babu.

Lahadin da na koma, Josiah ya matsar da bencinsa zuwa tsakar gida, nesa da taga. Sharif ya leƙo da wata sabuwar gardama a kan sabulu, Josiah ya ce masa ya dawo gobe. Can sai ƙofa ta buɗe, Dorothy ta leƙo ta faɗi wata kalmar Gbagyi, a karkace.

"Baba, mene ne wannan?"

"Haƙuri."

Na ga bakinsa ya motsa, kamar zai ƙara da cewa Nufawa na da mai kama da ita. Dorothy ta tsaya tana dubansa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Koma, kada ta gaji."

Ta rufe ƙofa. Ya zauna yana sauraron muryoyin biyu daga nesa, inda ba ya iya rarrabe abin da suke cewa.