Daddawar Inna Kulu da ƙunshin Japan

Shekara tara ke nan cif da muka kai Inna Kulu makwancinta a Bakura. Ƙanwar mahaifiyata ce, a hannunta na tashi, kuma duk wanda ya ci miyar kuka a unguwarmu a wancan zamani, daddawarta ya ci.

Abokin gabarta guda ne a duniya, farin magin nan da asalinsa daga Japan yake. Ranar da na fara shigo da shi gidan, ta buɗe ledar ta shinshina, ta miƙo mini abina. "Abin da ba ya wari, ƙaƙa za shi yi daɗi?" Har ta koma ga Allah bai shiga tukunyarta ba. Daddawar waken suya ma ba ta tsira daga bakinta ba, wai ta malalata ce.

Bayan rasuwarta daji ya ɓaci saboda 'yan bindiga. Matan Gidan Goga da ke kawo mana kalwa suka daina zuwa, don babu mai shiga gindin ɗorawa da ransa a hannu. Hadiza 'yar Inna, wadda ta gaji sana'ar, ta kife tukwane shekara biyu. Na ba ta shawarar waken suya, ta ce ba za ta ci amanar Inna ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina kallon sana'ar gidanmu tana mutuwa.

Bara wani abokin aikina a Talata Mafara ya dawo daga kwas ɗin noman shinkafa a Japan. Ya kawo tsarabar gasasshen biskit na shinkafa, da koren shayi, da wani busasshen wake a leda. Ina buɗe ledar waken na ji warin tsakar gidanmu. Ashe waken suya ne da suke rufewa ya ruɓa, har su kan karya kumallo da ɗanyensa. Mutanen da Inna ta yi wa shaidar ba su san wari ba.

Na hau babur na kai wa Hadiza. Ta shinshina, ta yi dariya har da hawaye, ta ce da Inna ta ga wannan da ta ce Japanawa sun shiryu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A makon ta ɗora tukunya. Yau tana daka daddawar waken suya, tana liƙe ta a ƙananan ledoji, ana kai ta har kasuwar Maradun.

Na san da Inna na nan sai ta yi mita, amma ba na jin za ta bari a kashe wutar. Kwanan baya wata tsohuwa cikin masu sayen daddawar Inna a da ta ɗanɗana ta Hadiza.

"Ba ta kai ta uwarki ba," in ji ta. "Amma hannun na nan. Ba ni ukku."

Allah Ya jiƙan Inna Kulu, Ya buɗe mana dajinmu.