Maza Biyu Na So a Shekarar Zaɓe

Edita, na daɗe ina son rubuto wannan, sai yanzu da jikokina suka kai shekarun da nake da su a lokacin na samu ƙarfin hali. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni bazawara ce 'yar shekara ashirin da uku, ina zaune gidan gwaggona a Kontagora, ina ɗinki da keke. Aurena na fari ya mutu ba tare da wani rikici ba, amma na fito daga cikinsa da girman kai. Na ce ba wanda zai sake tsara mini yadda zan rayu.

Maza biyu ne ke zuwa wurina. Ɗaya malamin firamare ne, mutumin Dukku, mai sanyin magana, Hausarsa da ɗan karkata irin ta Dukawa wadda nake jin daɗin saurare. Ɗayan direban babbar mota ne mai jigilar gyaɗa, ɗan gari, in ya shigo har gwaggo sai ta yi dariya. Ban ɓoye wa kowa komai ba. Na gaya wa kowannensu cewa ina son su duka biyu, ba zan zaɓa ba, kuma ba na shirin aure yanzu, wanda bai iya ba ya kama gabansa. Ba wanda ya tafi. In sun haɗu a ƙofar gida sai su gaisa, su tambayi juna aiki, ni kuwa na ɗauki shirunsu a matsayin yarda. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji, ta ce abin da nake kira gaskiya son kai ne kawai.

Sai zaɓe ya matso, gari ya ɗauki zafi. Direban yana tare da jam'iyya mai mulki, malamin yana tare da 'yan adawa, waɗanda ba a barin su yi taro a fili. Wata rana malamin ya gaya mini, don kada in jira shi, cewa ranar Alhamis bayan la'asar suna da taro a bukkar wata gona da ke hanyar Bobi. Ranar Laraba direban ya zo, ya soma tsokana, wai 'yan adawa ko inuwar da za su zauna ba su da ita. Abin ya sosa mini rai. Don in nuna masa malamina ba matsoraci ba ne, sai na faɗi gonar, na faɗi ranar, har lokacin. Dariyarsa ta tsaya. Bai gama shan furar da na dama masa ba ya tashi.

Ranar Alhamis 'yan bangar jam'iyya mai mulki suka auka wa taron, suka ƙona bukkar, aka ji wa mutane rauni. Washegari aka tsinci keken malamin a cikin ciyawa, shi kuwa babu labarinsa. Direban ma ba a ga motarsa a tasha ba. Kwana tara na yi a haka. Wasu na cewa an kashe malamin an jefa a rafi, wasu na cewa yana tsare. In na ɗora ƙafa a kan keken ɗinkina sai in kasa takawa, har matan da suka kawo ɗinki suka fara karɓe kayansu. A rana ta huɗu na faɗa wa gwaggo abin da bakina ya yi. Na zaci duka zan sha. Sai ta ce in yi alwala in roƙi Allah ya sa mutumin yana da rai, sauran maganar ta jira.

A rana ta tara da hantsi direban ya yi sallama. Ban bar shi ya zauna ba, na ce masa mai kisan kai, na ce da hannuna na miƙa masa abokin hamayyarsa. Ya bari na gama. Sannan ya ce mutanensu sun san da taron tun mako guda kafin in buɗe baki, abin da shi bai sani ba shi ne malamin na ciki. Ya tare shi a hanya ya ce ya koma, malamin ya ƙi, ya ruga ya gargaɗi 'yan uwansa, a nan aka sauke masa sanda a kafaɗa har ƙashin ya karye. Direban ya ja shi cikin mota, ya rufe shi da tamfol a tsakanin buhuna, ya kai shi Kumbashi wurin wani kawun direban. Yana nan da rai, ɗorin ma ya fara kamawa. Na zauna a ƙasa ina kuka ina hamdala. Da na natsu na tambaye shi me ya hana ya aiko mini ko da kalma ɗaya.

"Ban tambaye ki ba kika gaya mini inda zai je," in ji shi. "Yaya zan gaya miki inda na ɓoye shi?"

Bayan zaɓe malamin ya dawo, ya rame, hannunsa rataye a wuya. Bai zarge ni ba. Ya ce a Kumbashi sun yi doguwar magana shi da direban, suka gano cewa babu wanda ya taɓa yarda da tsarina a zuciyarsa, kowa tsoron rasa ni ne ya sa ya yi shiru. Daga nan duka biyun suka daina zuwa. Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba, amma duk lokacin da na hango malamin a kan sabon kekensa zai tafi makaranta sai in ji sanyi a raina. Bayan shekara biyu na auri wani mai sayar da yadi, muka yi zamanmu lafiya har Allah ya karɓi ransa.

Ina kira ga matasa, musamman masu ganin cewa tunda ba su ɓoye komai ba, ba su cuci kowa ba. Mutum kan yi shiru ya karɓi abin da ke cin ransa don yana son ki, kada ki ɗauka ya yarda. Kuma sirrin da wani ya ba ki amana ce, ba abin cika baki ba, balle a lokacin siyasa da kalma ɗaya ke iya jawo a binne mutum. Ni Allah ya rufa mini asiri ta hannun wanda na zaga. Ba kowa ke samun irin wannan direban ba.