Ranar da Sekai Ta Ɗauki Fartanya

Shekara goma sha ɗaya teburina yana manne da na Shupikai a kasuwar Sakubva, ni ina sayar da busasshen kifi, ita tumatir da kabeji. A garinmu Mutare kowa Mai Farai yake kiran ta, wato uwar Farai, da sunan ɗanta. Mace ce mai irin haƙurin nan da yake ba ni haushi. Ko mai saye ya latsa mata tumatir ya fashe ya wuce, sai ta goge da bakin zani ta ce, "A sauka lafiya."

Mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya a ƙauyensu, tafiyar awa guda a mota. Masarar gonar nan ce sadza, wato tuwon gidanta, daga kaka zuwa kaka. Ƙanen mijin, Tongai, tun ranar zaman makoki idonsa yake kan gonar. Maganarsa ɗaya ce kullum: matar birni ce, ba ta san darajar ƙasa ba. Dagaci ya bar mata, amma ya ja mata kunne cewa duk ranar da ta karya al'adar ƙasa, gonar za ta koma hannun dangin miji. Shekara shida tana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.

Sai ga Sekai ta sauka daga Ingila. Ƙawarta ce tun suna firamare, ta tafi can tana aikin kula da tsofaffi. Shupikai ta rufe teburinta kwana uku, abin da ba ta yi ba ko lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta ce in raka su, ni kuma da shisshigi na bi.

Mun hau tudun Christmas Pass muka leƙo gari daga sama, Sekai ta ce, "Kai, ashe haka garin nan yake ƙarami?" Mun kai ta tsaunin Vumba, ta ce hanyar ta karya mata ƙugu. Mun kai ta kasuwa, ta toshe hanci a gaban kifina. Shupikai kuwa baki har kunne, sai "Ƙawata ga kujera, ƙawata sha ruwa." Ni na cika na batse, na dai danne saboda baƙunta.

Rana ta uku ta ce ƙauye take so, wai ta yi kewar ƙamshin ƙasa. Alhamis ce, ranar chisi a ƙauyen, ranar da ƙasa take hutawa, ba mai taɓa ta da ƙarfe. Tun a mota Shupikai ta gaya mata, a gabana.

Sekai ta kwashe da dariya. "Har yanzu kuna wannan abin? Ke da kike limamiyar mata a coci?"

"Ba nawa ba ne, ƙawata, na masu ƙasa ne. Ki dai taimake ni."

Muka isa, Shupikai ta shiga madafa ta yanka mata kaza. Ni ina tsakar gida ina fifita wuta, sai na ji ƙarar fartanya a bayan gida. Na fita da gudu. Ga Sekai a tsakiyar gona, ta ɗaura zanin Shupikai a kan wandonta, ta jingina waya a kututture, tana sara tana murmushi.

Na ce, "Ke! Ajiye fartanyar nan!"

"Haba 'yar kifi, hoto ne kawai. Sara uku na yi."

A bakin shinge Tongai yana tsaye da mutum biyu. Hularsa kawai ya gyara, suka nufi gidan dagaci.

Kafin kazar ta nuna aike ya zo: a zo zama ranar Asabar. Matar da ta kawo saƙon ta raɗa wa Shupikai cewa idan baƙuwar ta zo da kanta, ta durƙusa ta tafa hannu gaban dattawa ta ce kuskure ne na wadda ta daɗe a waje, za a yi mata faɗa a wuce wurin.

Shupikai ta riƙe hannun Sekai. Ban taɓa ganin ta tana roƙon mutum ba sai ranar. "Ƙawata, kwana biyu kacal. Minti biyar za ki durƙusa."

"Ni? In durƙusa wa tsofaffin nan saboda na taɓa ƙasa? Kuma gobe jirgina zai tashi zuwa Victoria Falls, an riga an kama mini ɗaki. Ki bar su, barazana ce."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Tsofaffin Turawa kina durƙusa musu ki wanke musu kashi, na gidanku ne gwiwarki ba ta lanƙwasuwa?"

Shupikai ta ce, "Ya isa, baƙuwata ce." Har tasha ta raka ta, ita ce ma ta ɗauki jakar.

Ranar Asabar Shupikai ita kaɗai ta durƙusa. Tongai ya miƙe ya ce gida nata, fartanya tata, zani nata, baƙuwa tata. Dagaci ya tambaye ta ko ta gargaɗi baƙuwar. Ina zaune a baya ina addu'ar ta ce matar ta yi taurin kai. Sai ta ce, "Ban faɗa mata da kyau ba, Baba." Aka miƙa wa Tongai gonar, wai riƙo har Farai ya yi aure. Kowa a wurin ya san abin da riƙon Tongai yake nufi.

Har yau in na tuna, ban san wa na fi jin haushi ba, wadda ta yi saran ko wadda ta rufa mata asiri.

A watan jiya na raka Shupikai ƙauyen. Tongai ya zagaye gonar da waya mai ƙaya, ya sa ƙofa da kwaɗo. Kabarin mijinta yana can ciki, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Muka tsaya a rana da tsintsiya a hannunta, muna jiran matar Tongai ta gama wanki ta kawo makulli.