Ƙofar Lif ta Hawa na Bakwai

Akwai wata Alhamis ta watan Yulin bara da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko a aji na tuna da ita sai na toshe bakina da hijabi. Zainabu da Nana, ku da za ku karɓi aikin hutun nan bana, kun ce in ba ku labarin wurin. Ga shi na rubuta, tunda kun san magana ba ta cika yi mini daɗi ba.

Masaukin baƙin da na yi aikin yana Wust el-Balad, wato tsakiyar birnin Alkahira. Wani sarkin Masar na da ne ya sa aka gina unguwar don ta yi kama da biranen Turai, shi ya sa za ku ga tituna masu faɗi da benaye masu baranda, an yi musu ado da furannin siminti. A da attajirai ne a ciki, da teloli Girkawa, da manyan gidajen silima. Da masu hali suka koma sababbin unguwanni, sai benayen suka tsufa, hawan sama suka zama masaukai masu araha. Baƙinmu samari ne da 'yan mata 'yan yawon duniya, kowa da ƙatuwar jaka goye a baya, ga takalma rataye a jikinta.

Tsarin aiki haka yake. Ustaz Magdi ne manaja. Yaya Bashir, ɗan wan babana, shi ke karɓar baƙi, shi kuma ke zagayawa da su unguwa bayan magariba. Anti Rakiya, ƙanwar mamana, ita ke da kicin da wanki. Ni ce ta ƙarshe: kai shayi, ninke tawul, zuwa aike. Daga la'asar nake farawa, bayan isha'i mu koma unguwarmu, Hay el-Sabi', ni da Anti.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne aikin yake. Muna hawa na bakwai, kuma lif ɗin gidan ya girmi kakata. Akwatin katako ne mai madubi, yana hawa a cikin keji na baƙin ƙarfe, mutum uku yake ɗauka. Idan aka fita aka bar ƙofarsa a buɗe, ko da kamar faɗin yatsa ne, ba zai motsa ba ko an kwana ana danna maɓallin a ƙasa. 'Yan gida sun san haka tun suna yara. Baƙinmu kuwa sun saba da ƙofar da ke rufe kanta, sai su fice abinsu suna hira.

A hawa na huɗu akwai Madam Su'ad, tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda aka haifa a cikin benen, kuma ita ce shugabar mazauna gidan. A makon nan ta gaya wa Ustaz Magdi cewa in aka sake barin ƙofar a buɗe, za ta sa a datse ta hawa na bakwai da kwaɗo. Anti Rakiya na ji ta ajiye ludayi ta ce, "To ranar nan zan bar aiki. Wannan bayan nawa ba zai hau bene bakwai da tukunyar gas ba."

Daren Alhamis shi ne daren unguwar, tunda Juma'a hutu ce. Ran nan baƙi sun shirya cin abinci a saman rufi, aka aike ni in karɓo koshari, wato shinkafa da taliya da ƙananan wake da miyar tumatir. Titi ya cika maƙil. Masu gahawa sun baza kujerun roba har tsakiyar hanya, ƙamshin hayaƙin shisha mai tuffa ya gauraye da na soyayyar albasa. Injin mai ruwan rake yana ta gurnani. Fitilun shagunan takalma sun haske ko'ina kamar rana, amma in mutum ya ɗaga kai, saman benayen duhu ne, sai wata tsohuwa a baranda tana zuro kwando da igiya mai shago ya sa mata ƙwai.

Ina shigowa zauren benen da ledoji biyu, sai na ja na tsaya. Madam Su'ad ce zaune a bencin mai gadi, ta sha kwalliya da ɗan kunnen lu'ulu'u, ta dawo daga biki. Ammu Sabir, mai gadin, yana ta danna maɓalli. Na leƙa cikin kejin. Igiyoyin lif ko rawa ba sa yi.

"Sabir," in ji ta, "je ka ɗauko kwaɗon."

"Yanzu, ya Madam?"

"A'a, bari sai na mutu a bencinka. Yanzu mana!"

Ammu Sabir ya dube ni, ya dubi sama, sannan ya nufi ɗakinsa yana jan silifa a hankali, irin tafiyar da ban taɓa ganin ya yi ba. Muna jin sa yana buɗe akwatuna yana tambayar kansa ina ya ajiye shi.

Na kira wayar Anti, ba ta ɗauka ba, kiɗa ya cika rufin. Yaya Bashir yana can wani titi da rabin baƙi. Na ajiye ledojin zan ruga sama da ƙafa, sai na ji an cafke mini hannu.

"Ina za ki, 'yata?" in ji Madam.

"Zan rufo, Madam," na ce, ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Ke kika buɗe? In kin rufe musu yau, gobe fa? A gidan nan ba a gudu, kira ake yi. Lokacin da nake kamarki, akwai wani tela Bagirke a hawa na biyu, in ya yi kira har titi ake ji." Ta zaro makullin ɗakinta, wani ƙato mai nauyi, ta danƙa mini. "Buga a ƙarfen, ki ɗaga kai ki ce el-bab. In suka ji kafin Sabir ya fito, sun ci sa'a."

El-bab na nufin ƙofa. Na buga makullin, ƙwal ƙwal, na ce, "El-bab."

"Wa kike wa raɗa? Kyanwa?"

Na sake. Ta girgiza kai. Daga ɗakin Ammu Sabir muka ji ƙarar sarƙa, da alama kwaɗon ya kusa ƙin ɓoyuwa. Sai Anti Rakiya ta faɗo mini a rai, yadda take dafa ƙugu duk lokacin da za ta miƙe daga kan kujera. Na tura fuskata tsakanin ƙarafan, na rufe ido, na buga da iyakar ƙarfina.

"EL-BAAAB!"

Wallahi ban san akwai wannan muryar a cikina ba. Ta hau sama tana dukan bango, ta dawo mini. Wasu tattabaru da ke kwana a taga suka tashi fir. Sai na ji an buɗe ƙofa a hawa na biyu, wani akawu mai ofis a can ya leƙo ya ce, "El-bab!" Matar hawa na uku ta karɓa da murfin tukunya. Wani yaro a na biyar ya miƙa sama. Kiɗan rufi ya tsaya cak. Can sai baƙinmu suka ɗauka, sun zaci waƙar gargajiya ce, suna tafi suna amsawa, "El-bab! El-bab!" Ni kuma ina ƙasa ina bugu ina ihu, dariya na neman kayar da ni. A tsakiyar hayaniyar na tsinkayi muryar Anti da tsantsar Hausa:

"Ku rufe ƙofar mana, 'yan nema! Ba rawa aka ce ku yi ba!"

Garam! Igiyoyi suka girgiza. Lif ya fara saukowa yana ƙugi, daidai lokacin da Ammu Sabir ya fito riƙe da kwaɗo. A ciki akwai wani dogon Bajamushe mai gajeren wando, ya ɗora hannu a ƙirji yana maimaita "ma'alish", kalmar ban-haƙurin da ya koya da safe. Shi ya bar ƙofar.

Madam Su'ad ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Kafaɗunta ne suka fara rawa don dariya, ta ciro hankici tana share kwallin da ya zubo.

"Kama ni, dogo," ta ce. "Ke kuma ɗauko abincin nan kafin ya huce."

Muka shiga. Na kai yatsa kan maɓallin hawa na huɗu, ta buge mini hannu ta danna bakwai.

A rufin suka shimfiɗa mata matasai. Tana cin koshari tana nuna musu da cokali: can silima ce a da, can aka yi wurin rawar manya, wancan benen mai hasumiya a nan mijinta ya fara ganinta. Wata 'yar Koriya na fassara wa sauran da waya, ni ina zuba shayi. Da Ustaz Magdi ya iso a guje, gumi sharkaf, sai ta ce masa, "Sabir ya mayar da kwaɗon. Amma duk baƙon da ya sauka a gidan nan, kafin a nuna masa gado, yarinyar nan za ta koya masa rufe ƙofa da kira."

Haka kuwa aka yi har hutu ya ƙare. Anti Rakiya na nan a kicinta.

Abin da na koya shi ne, baƙinmu ba miyagu ba ne, gidan ne ba su sani ba, kuma kwana kaɗan za su yi su goya jaka su wuce. Mutanen benen kuwa suna nan. Aikinmu mu tsaya a tsakani, mu gaya wa baƙo abin da ɗan gida ba ya tunanin sai an faɗa. Don haka ranar Asabar ku same ni a zaure bayan la'asar. Nana, ke da kike ganin kin fi ni kunya, ke za ki fara gwada kiran.