Turmin da Ya Kira Nasiru

Wata safiyar Laraba ce cikin bazara, shekarar da na shiga aji uku a firamaren ƙauyenmu, can wajen Rawayau. Ina tsugune gindin rumbu ina wanke kwanukan tuwon jiya, Goggo Hure, yayar Babanmu, tana surfen gero, ƙanena Nasiru kuwa ya dafa gindin turmin da hannu biyu kamar yadda ya saba. Ya haura shekara uku a lokacin, amma ko "Inna" bai taɓa cewa ba. Ban san abin da ya zo wa Goggo a rai ba, sai ta ɗaga taɓarya sama ta ƙi saukewa. Nasiru ya bubbuga turmin, ya yi gunaguni, can da ya gaji sai ya ɗago kai ya dube ta cikin ido. Nan take ta saki taɓaryar tana dariya, domin ranar ce ya fara kallon wani a gidanmu.

Nasiru ba ya amsa sunansa. Wuni yake yi yana jera totuwar masara a bakin zaure, in babur ya wuce ya toshe kunne ya yi ta ihu, in kuwa ya ga ƙofa a buɗe sai ya kama hanya ba waiwaye. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Da damina ta ƙarato, Baba ya sayo igiya a kasuwar Kurfi, ya ce zai riƙa ɗaure masa ƙafa in an tafi gona, don akwai kududdufi a bayan gonarmu. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma Inna ta sha kuka. Goggo ta karɓe igiyar ta ce, "Malam, ba akuya ba ne. Ka bar mini shi zuwa kaka."

Daga nan daka ya zama darasi. Kullum sai ta tsayar da taɓarya, ta ce "ƙara", ta zuba masa ido. Da fari kallo kawai take nema, daga baya sai ya taɓa hannunta, har aka kai ga sai ya yi sauti. Ni kam haushi nake ji, ga fura ta makara, ga ƙawayena suna carafke a waje. Takan harare ni ta ce, "Ke dai Bilki ba ki iya jira ba." Ta sa mu duka cikin aikin: ko kunu za a ba shi, sai a riƙe ludayi a saurara masa. Kafin a gama noman farko ya fara cewa "ƙa".

Gero ya fi mutum tsawo ranar da muka neme shi muka rasa. La'asar ce, Goggo ta shiga salla, ƙofa kuma a buɗe. Baba da samarin unguwa suka bazu cikin gona suna kiran sunan da ba ya amsawa. Goggo ta sa aka mirgino turmi har bakin gona, ta zuba dusa ta yi ta bugawa, sannan ta ɗaga taɓarya ta ce kowa ya yi shiru. Muka tsaya ko motsi babu. Can daga wajen kududdufin muka ji wata siririyar murya ta ce, "Ƙara!" Baba ya bi muryar da gudu, ya dawo da shi a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Igiyar nan kuwa a gugan rijiya ta ƙare.

Yau Nasiru mai gidan kansa ne a wajen kiwon awaki. Maganarsa kaɗan ce, har yanzu ba ya son hayaniya, amma yana amsa sunansa, yana shiga sahun salla. Sai da na girma na raka maƙwabciyata asibiti da ɗanta na ji sunan abin, wai galahanga. Aka ce mata ta fara tun yana ƙarami, ta bi ta abin da yake so, ta riƙa jiransa. Na yi ta tunanin Goggo har muka iso gida. A Dutsin-Ma inda nake aure inji ke surfe, sai na yi wata ban ji ƙarar taɓarya ba, kowa sauri yake yi. Goggo ta rasu, turmin ya tsage an kife shi gindin rumbu, a kansa nake tarar da Nasiru zaune in na je gida. Ita ce ta fara jiransa, shi ya sa ya zo.